Jawabin Magatakarda Kan Jan Jirgin Roba a Bayan Mota

 

An ba ni minti kaɗan, zan yi magana kan jirgin ruwan nan na roba da ake hura wa iska, wanda wasunmu ke ɗaukowa daga Kwatano zuwa Malanbil a kan ƙaramar tirela a bayan mota. Tafiyar ta haura kilomita 700.

Babbar matsalarmu ita ce mu 'yan kasuwa ne, ba ma son ganin wuri fayau. Mutum ya ga cikin jirgi ba komai, sai ya jera buhunan shinkafa da jarkokin mai. Alhaji, a yi haƙuri, jirgin roba ba bodin mota ba ne. A kan ruwa, ruwan ne ke tallafe shi ko'ina. A kan tirela kuwa wurare kaɗan ya dogara da su, kowane rami a hanya kuma ƙasansa ne ke sha. Idan kayan suka taru a baya, tirela ta fara wutsiya, za ta iya kayar da motar gaba ɗaya. Nauyi ya ɗan rinjayi gaba, kamar kashi 10 cikin 100 a kan mahaɗar. In ta fara lilo, a ɗaga ƙafa daga totur a hankali, kada a danne birki.

Sai iska. Jirgin da aka hura tam da asuba, kafin azahar a wajen Kandi rana ta ƙara kumbura shi, ɗinkinsa na iya buɗewa. A tsaya a danna da yatsa, in ya yi tauri kamar dutse a rage.

A ɗaure da bel mai faɗi, gaba da baya, domin igiya tana cin roba. Injin, in ƙarami ne, a sauke shi a sa a mota. Da damina a cire toshiyar baya ruwan sama ya fita.

Ƙananan tayoyin tirela sun fi na mota juyawa, saboda haka a duk tsayawa a taɓa tsakiyar tayar. In hannu bai iya zama ba, boris ne ke neman giris. Sarƙar tsaro da fitilun baya a duba su tun a Kwatano, kuma takardun kwastan na jirgi da na inji su kasance a hannun direba.