Juyin Gado a Jikin Ɓera da Sauro: Darasin da ke Ƙofar Gidanmu



Darasin gadon halitta yana cikin waɗanda ɗalibanmu ke haddacewa ba tare da sun ga amfaninsa ba. Ina so in nuna cewa amfanin nan yana kwana tare da mu a ɗaki.

Kowace halitta tana ɗauke da ƙwayoyin gadonta a jere bisa wasu zarurruka da ake kira kuromosom: mutum yana da 46, ɓeran gida 40, sauro kuwa 6. Rabi daga uwa suke, rabi daga uba. Yayin da jiki ke shirya ƙwayar haihuwa, zaren uwa da na uba sukan jeru su yi musayar gutsattsari, shi ya sa 'ya'yan ciki ɗaya ba su zama iri ɗaya.

Wani lokaci gutsuren zare yakan tsinke ya koma wurinsa a juye. A rubuta a allo: ABCDE ya zama ADCBE. Alfred Sturtevant ne ya fara gano wannan a jikin ƙudan 'ya'yan itace, a Amurka, a 1921. Idan zare mai juyi ya haɗu da marar juyi, musaya a wannan yanki takan haifar da ƙwaya mai naƙasa wadda ba ta ɗorewa. Saboda haka ƙwayoyin gadon da ke cikin juyin sukan wuce zuwa zuriya a dunƙule.

A jikin wasu ɓerayen gida, kuromosom na 17 yana ɗauke da irin wannan dunƙule mai juyi da dama. Namijin da ya gaje shi daga ɓangare ɗaya yakan gadar da shi ga fiye da kashi 90 cikin 100 na 'ya'yansa, maimakon rabi. Wanda ya gaje shi daga uwa da uba kuwa yakan mutu tun a ciki, ko ya tashi ba ya haihuwa.

Ga mu nan Arewa, misalin da ya fi shafarmu shi ne sauro. Daga 1969 zuwa 1976, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya sun gudanar da gagarumin bincike kan zazzaɓin cizon sauro a Garki, wadda yau take Jihar Jigawa. An fesa magani a ɗakuna, cutar ta ragu, amma ba ta yanke ba. Mario Coluzzi, masani ɗan Italiya, ya duba kuromosom ɗin sauron ƙasar nan tare da abokan aikinsa. Sun gano cewa juyin da ake kira 2La yana ƙaruwa daga Kudu mai damshi zuwa Arewa mai bushewa, kuma tsarin juyin sauron da ke hutawa cikin ɗaki ya bambanta da na mai hutawa a waje. Wanda ke hutawa a waje, feshin bango ba ya cim masa.

'Yan'uwa, kujerun da ke zama fanko a azuzuwanmu kowace damina suna da alaƙa da wannan ilimi. Yaron da ya fahimci cewa sauro ba hali ɗaya gare su ba zai gane dalilin haɗa gidan sauro da cike kududdufai da zuwa asibiti da wuri, ya kuma kai bayanin gida. Roƙona ga malaman kimiyya shi ne, idan aka zo babin gado a zangon nan, a rubuta haruffan nan biyar a allo, a ambaci Garki. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.