Yadda Iko Ya Yi Ƙaura Daga Kaduna

(Jawabin da aka gabatar a taron shekara na ƙungiya, a Kakuri, Kaduna)

 

Wannan unguwa da muke zaune a cikinta ita ce shaidarmu ta farko. A nan Kakuri Gwamnatin Jihar Arewa ta haɗa hannu da wani kamfanin Ingila ta kafa masaƙar KTL a 1957. Ta iya yin haka ne domin tsarin mulkin 1954 ya ɗora Nijeriya bisa tarayya, na 1960 da na 1963 kuma suka ƙarfafa shi. Arewa tana da tsarin mulkinta, da wakilinta a Landan, kuma rabin kuɗin ma'adinai yana komawa jihar da aka haƙo su. A ƙasa kuwa En'e tana da baitulmali, da alƙalai, da 'yan doka. Ba mu ce En'e waliyyiya ba ce. 'Yan NEPU sun sha ɗauri a hannunta. Amma talaka ya san ƙofar da zai buga.

Da Janar Ironsi ya soke tarayya da Doka ta 34 a watan Mayun 1966, Arewa ta ƙi, Gowon ya janye dokar. Abin mamaki, abin da aka kora ta ƙofa sai ya shigo ta taga, domin soja bai san umarni ba sai daga sama. Aka yanka ƙasa jihohi 12 a 1967, aka haɗe 'yan doka da 'yan sanda, aka rushe En'e a 1976, shekarar da aka fara UPE, wadda ta cika kwalejojin horon malamai da ire-irenmu. Tsarin mulkin 1999 ya keɓe wa gwamnatin tarayya abubuwa 68, aka kuma yanka mata kashi 52.68 cikin ɗari na asusun tarayya, ƙananan hukumomi 774 suka raba kashi 20.60. Da KTL ta rufe a 2002, lantarki da kwastan da suka shafi rayuwarta duk ba a hannun Kaduna suke ba.

An fara sassautawa. Gyaran 2023 ya ba jihohi dama a harkar lantarki da jirgin ƙasa. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, domin gwamnoni ma sun koyi halin Abuja.

Saboda haka muna roƙon wannan taro ya naɗa mutum biyar, cikinsu har da akanta da lauya, su riƙa bin diddigin abin da ke shiga ƙaramar hukumarmu kowane wata, su kawo mana rahoto baɗi, musamman kan rufin azuzuwan firamaren garinmu.