Amsar Wasiƙunku: Kada a Sallami Yaron Kwamfuta

Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani akawu da ke aiki a wani asibiti mai zaman kansa a birnin Katsina. Ya roƙa a sakaya sunansa, saboda haka Malam Akawu za mu kira shi.

Malam Akawu ya ce shekara uku ke nan da asibitinsu ya mai da komai cikin kwamfuta, tun daga katin marasa lafiya da lissafin magani har zuwa albashi. A lokacin an biya wani kamfani kuɗi masu kauri ya sa musu tsaro. Yanzu kuma yaron da ke kula da na'urorin ya kawo takarda yana neman kuɗin sabunta lasisi, da na canza kwamfuta huɗu, kuma a riƙa ba shi awa biyu kowane wata ya tsai da aiki ya yi gyara. Likita mai asibitin ya fusata, ya ce ai an riga an biya, kuma ko sau ɗaya ba a taɓa yi musu kutse ba. Har an fara maganar sallamar yaron. Shi ne yake tambaya, shin cuta ce ko kuwa gaskiya?

To Malam Akawu, mun gode. Batun farashi dai, wannan ku shiga kasuwa ku taya. Amma ayyukan da yaron ya lissafa na gaskiya ne, kuma ina roƙon Likita ya yi haƙuri ya saurara.

Duk wanda ya tashi a gidan ƙasa ya san ba a gama gini. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau soro an duba tsaga, an yi yaɓe, an share indararo, kuma ba wanda ke cewa magini ya cuce shi. To haka manhaja take, watau tsarin da ke tafiyar da kwamfuta. Mutane ne suka rubuta ta, ga ta da tsawon tsiya, kuskure kuwa ba ya ƙarewa a ciki. Wani kuskuren ɓaraka ce wadda ɓarawo zai iya bi ya shiga. A shekarar 2024 kaɗai, sababbin ɓarakoki kimanin 40,000 aka shigar a rajistar da masana ke ajiyewa, ka ga fiye da ɗari ke nan kowace rana. In an gano ɓaraka sai kamfanin da ya yi manhajar ya aiko da faci. I, faci dai irin na taya, haka su ma suke kiransa. Kamfanin Microsoft kan fitar da nasa ran Talata ta biyu a kowane wata.

Ga inda gizo ke saƙa. Ranar da faci ya fito, su ma ɓarayin sukan ɗauka su yi nazarinsa, su gane daidai inda ramin yake. Watau kwamfutar da ba a liƙa wa facin ba ta fi shiga haɗari yau a kan jiya. Awa biyun da yaron ke nema, na wannan aiki ne.

Bari in ba ku labarin asibitocin Ingila, tunda ku ma asibiti ne. Ran 14 ga Maris 2017 Microsoft ya fitar da facin wata ɓaraka a Windows. Ran Juma'a 12 ga Mayu, kusan wata biyu bayan nan, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wannan ɓarakar ta shiga kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kamar 150. Tana shiga sai ta kulle duk abin da ke ciki, ta ce a biya fansar dala 300. A Ingila kusan sulusin hukumomin asibitocin gwamnati abin ya shafa. An soke ganin likita da tiyata kimanin 19,000, an riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wasu asibitocin, daga baya gwamnati ta ƙiyasta asarar fam miliyan 92. Ba wanda ya zaɓi asibitocin nan don gaba. Manhajar tafe take tana taɓa ƙofofi, wadda ta samu a buɗe ta shige. Don haka maganar "mu ƙaramin wuri ne, wa zai kula mu" ba ta da tushe. Ita ma "ba a taɓa yi mana ba", ai har ran Alhamis su ma haka za su ce.

Amma faci sai ka san abin da kake da shi. Lokacin da nake koyarwa, abin farko da safe shi ne kiran rajista, don malamin da bai san yawan 'yan ajinsa ba, ba zai gane an gudu ba. A Amurka akwai kamfanin Equifax mai ajiye bayanan bashin jama'a. A watan Maris 2017 an sanar da su wata ɓaraka, faci ya fito, har sun aika wa ma'aikata takarda cewa a liƙa. Sai dai ba su da cikakkiyar rajistar na'urorinsu, aka tsallake guda. Ta nan aka shiga a watan Mayu, ba su farga ba sai ƙarshen Yuli, bayan an kwashi bayanan mutum miliyan 147. A 2019 suka amince da biyan tara da diyya da za su iya kai dala miliyan 700. Malam Akawu, kwamfuta nawa ke asibitinku? Har da tsohuwar nan ta ɗakin gwaji, da ta hannu wadda Likita ke zuwa da ita gida yara su yi wasa?

Rajistar kuma ba ta na'ura kaɗai ba ce, har da ta mutane. A watan Mayu 2021 an tsai da bututun man Colonial Pipeline, wanda ke kai kusan rabin man gabashin Amurka. Amurkawa suka ɗanɗani layin mai, abin da mu muka daɗe da sani. Ta ina aka shiga? Ta wani tsohon asusu da aka daina amfani da shi amma ba a rufe ba, kalmar sirri ɗaya tal ke tsaronsa. Kamfanin ya biya fansar dala miliyan 4.4. To nas ɗin da ta bar aiki bara, an soke sunanta? Ko har yanzu kalmar sirri ɗaya dukanku kuke amfani da ita, an rubuta an manna a jikin tebur?

Batun kwamfuta huɗu kuma, ku duba wace Windows ke kansu. Microsoft ya daina aiko da faci ga Windows 7 tun Janairu 2020, ya kuma tsai da na kyauta ga Windows 10 ran 14 ga Oktoba 2025. Na'urar da ta tsufa har ba ta iya ɗaukar sabuwa, ko dai a canza ta, ko a raba ta da intanet da sauran 'yan'uwanta.

Ban ce a buɗe wa yaron asusu ya yi ta ɗiba ba. Ba wanda ke iya toshe ɓaraka 40,000, kuma galibinsu ba su shafe ku ba. Aikinsa shi ne ya zaɓa. Ya fara da na'urar da ke haɗe da intanet, da wadda in ta tsaya asibiti ya tsaya, da ɓarakar da aka san ɓarayi na bi yanzu haka. Hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, tun 2021 take buga jerin irin waɗannan, kowa na iya dubawa kyauta. Likita ya sa ya riƙa kawo rahoto shafi ɗaya a ƙarshen kowane wata: me aka liƙe, me ya rage, don me. Abin da Likita ya ga ba kuɗin yinsa bana, ya sa hannu cewa ya sani kuma ya ɗauki nauyi.

Sai ajiyar kwafi. A kwafe bayanai a wani faifai dabam, a zare shi daga jikin kwamfuta, don in yana maƙale tare za a kulle su. Lokaci lokaci kuma a gwada maido da su a gani, kada sai ranar buƙata a tarar rumbu wayam.

Akwai kuma doka. A ƙarƙashin Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023, bayanin lafiyar mutum na cikin masu buƙatar tsaro na musamman. In aka yi kutsen da zai iya cutar da masu bayanan, wajibi ne a sanar da Hukumar Kare Bayanai cikin awa 72 daga lokacin da aka gane. Sunan asibitin za a rubuta a takardar, kuma Likita ne zai amsa tambaya.

Malam Akawu, ka kai wa Likita wannan shafi tare da gaisuwarmu, ka kuma rubuto mana yadda kuka ƙare. Jama'a, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.