Jere Ma Ilimi Ne



Uwargida, kin lura da 'yar nan taki da ake nema duk gidan da za a yi jeren amarya? Ita ta san inda gado zai zauna bai tare iska ba. To, wannan baiwa karatunta ake yi. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai sashen zanen gine-gine, inda ɗalibai ke tsara ɗaki a kwamfuta tun ba a aza bulo ba. Malamansu ma daga firamare suka faro. Kafin a cire ta daga makaranta a ɗora mata tallan tara kuɗin kayan ɗaki, ki zauna da maigida ku yi shawara.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.