Koyon Sana'a a Makarantun Sakandare: Jawabi ga Iyaye da Malamai



A shekarar 1977 Gwamnatin Tarayya ta fito da Manufar Ilmi ta Ƙasa. Daga 1982 kuma aka soma aiki da tsarin 6-3-3-4, wanda ya sanya koyon sana'a cikin darussan ƙaramar sakandare, domin kada yaro ya bar makaranta hannu rabbana saboda ya faɗi jarrabawa.

Malamai sun lura cewa yaron da lissafi ya gagare shi a allo yakan gane shi idan yana auna katako da hannunsa. Ɗalibai kuwa kukansu shi ne, a makarantu da yawa injunan da aka sayo sun tsufa cikin akwatuna, babu lantarki, babu gwanin da zai koyar. Sana'ar da aka karanta a allo kaɗai ba ta tsare kowa daga faɗuwa.

Tun 1992 akwai hukumar NABTEB mai shirya jarrabawar sana'o'i, wadda ke ba da takardar shaida. Saboda haka ku ziyarci makarantun 'ya'yanku, ku nemi ganin ɗakin koyon sana'a, ku tambayi wanda ke koyarwa a ciki. Kada ku raina yaron da ya zaɓi kafinta ko ɗinki.