Ƙurajen Fuska: Yadda Suke Farawa a Cikin Ramin Gashi

Ƙurajen fuska, waɗanda wasu ke kira ƙurajen balaga, suna daga cikin lalurorin fata da suka fi yaɗuwa a duniya, domin an ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na masu shekara 12 zuwa 24 suna fama da su, ko da kaɗan ne. Duk da haka, har yanzu akwai masu ɗora laifinsu ga ƙazanta ko rashin wanka, alhali kuwa ilimin likitanci ya nuna cewa ƙurjin yana farawa ne a can cikin fata, makonni kafin ido ya gan shi.

Kowane gashi yana fitowa ne daga wani ɗan siririn rami, kuma a gefen ramin akwai wata 'yar jaka da ke samar da maiƙo, wanda ke bin ramin ya fito ya hana fata bushewa. Waɗannan jakunkuna sun fi yawa da girma a fuska da ƙirji da gadon baya, shi ya sa ƙurajen ke taruwa a nan, ba a kuma ganinsu a tafin hannu ko na ƙafa, inda babu jakar maiƙo sam. Abin da ke tayar da jakunkunan shi ne androjin, wato rukunin sinadaran da jiki ke ƙara samarwa lokacin balaga, a jikin namiji da mace duka, waɗanda testosteron ne fitacce a cikinsu. Tun a 1941 wani masani Ba'amurke mai suna James Hamilton ya lura cewa mazan da suka rasa 'ya'yan marainansu kafin balaga ba sa yin ƙurajen, sai fa idan an ba su testosteron.

Yawan maiƙo kaɗai bai isa ba. Bangon ramin gashi yana zubar da matattun ƙwayoyin fata kullum, maiƙon kuma ya kwashe su zuwa waje. Amma a fatar mai ƙuraje ƙwayoyin suna yawaita, suna manne wa juna, har su cakuɗe da maiƙon su toshe hanya, kamar yadda shara ke toshe magudanar ruwa. Idan bakin ramin ya rufe, sai a ga ɗan farin tudu. Idan kuwa a buɗe yake, iska kan taɓa abin da ya taru ta mayar da shi baƙi. Wannan baƙin ɗigo, da mutane ke ɗauka datti ne, launin melanin ne, wato sinadarin da ke ba fata kalarta, haɗe da maiƙon da iska ta sauya, don haka sabulu da soso ba sa fitar da shi.

A cikin ramin da ya toshe ne wata ƙwayar bakteriya ke samun wurin zama. Sunanta Cutibacterium acnes, kamar yadda aka sauya mata a 2016, kuma tana zaune a fatar kusan kowane baligi, mai ƙuraje da marar su, saboda haka ba cuta ce da ake ɗauka daga wani ba. Ba ta son iska, abincinta kuwa maiƙo ne, sai ta hayayyafa, ta farfasa maiƙon zuwa sinadarai masu fusata bangon ramin. Daga nan garkuwar jiki ta aiko da fararen ƙwayoyin jini, wurin ya kumbura ya yi zafi, mugunya ta taru. Idan bangon ya fashe ta ciki, wanda matsa ƙurji da yatsa ke hanzartawa, kumburin kan nutse ya zama ƙullutu mai barin tabo. A baƙar fata kuwa ko ƙaramin kumburi yakan bar baƙin tabo na watanni, wanda sau da yawa ya fi ƙurjin kansa damun mai shi.

Gado yana da babban tasiri, haka ma sauyin sinadarai kafin jinin al'ada. Batun abinci ya fi sarƙaƙiya, ko da yake binciken da Loren Cordain da abokan aikinsa suka wallafa a 2002 bai sami mai ƙuraje ko ɗaya ba cikin mutum 1,200 na tsibirin Kitava a Papua New Guinea, waɗanda ba su saba da sukari da fulawa ba. Bayanin da masana ke bayarwa shi ne irin wannan abinci yana ɗaga sinadarin insulin a jini, shi kuma ya zaburar da jakunkunan maiƙo.

Akwai kuma sababin da ya shafi kasuwanninmu kai tsaye, wato mayukan bilicin masu ɗauke da sitiroyid irin su clobetasol, waɗanda ke haifar da nasu ƙurajen, da man gashi mai kauri da ke toshe ramukan goshi. Tun da ƙurji yana ɗaukar makonni yana ƙulluwa, magani na gaskiya ma yakan buƙaci mako shida zuwa takwas kafin a ga amfaninsa, don haka ya kamata iyaye da malamai su daina zargin matasa da ƙazanta, su kai su wurin likitan fata kafin tabo ya zauna.