Jinga a bakin gada: da wane kuɗi za ka yanka?

Masu saurarenmu na Malanville, Gaya da Kamba, yau maganar jinga za mu yi: ta mai korar shanu, mai kwale-kwale da mai amalanke, wato duk wanda ba albashi yake ci ba, shi ke yanka wa aikinsa kuɗi.

Tun da aka rufe gada bayan juyin mulkin Yamai a Yulin 2023, kaya da yawa suka koma bin ruwa, hanya ta ƙara tsawo, jira ya ƙaru. Amma har yau wasunku da farashin da suke ciniki.

Malam, tambaya ta farko: da wane kuɗi kake cefane? A ce ka karɓi jingar kai shanu daga kasuwar Gene zuwa Kamba, an yanka da naira, biya sai bayan mako biyu. To, geron gidanka da dusar tumakinka da sefa kake saya. Sefa a ɗaure take da yuro, 655 da ɗoriya, ba ta motsi. Naira kuwa tun da aka sake ta a Yunin 2023 sai ta kwana wani farashi ta tashi wani. Ranar biya, ɗan canji ne zai ci guminka. Ka yanka da sefa. In mai dukiya ya ce shi naira gare shi, ba laifi, ku daidaita cewa canjin ranar biya za a bi.

Sannan jingarka ba zuwa kaɗai ba ce. Dawowa hannu wofi fa? Kwana biyun da ka yi a bakin ruwa kana jiran a ba da hanya, da abincin yaron da ke taya ka kora, duk su shiga lissafi. Wanda ya karya farashi don ya ƙwace aikin maƙwabcinsa, galibi waɗannan ya manta, kuma mun sha ganin irinsu suna sayar da akuya don biyan yaro.

Kafin ka ɗaga sanda, ku yi magana a fili: kuɗin shinge da na duwan a wuyan wa? In saniya ta karye, ko buhu ya faɗa ruwa, wa zai ɗauka? Ka karɓi kafin alƙalami gaban dillali ko sarkin tasha. In ba shaida kusa, mai kaya ya faɗi adadin da bakinsa a saƙon murya na WhatsApp, ka adana shi har ranar biya.